Yadda Lupe Ta Juya wa Teku Baya

Pangai, Ha'apai,
Tonga.

Zuwa ga Kawuna Lisiate,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gonar lemo a can Mildura ta Ostireliya. Ina roƙon Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare ka a kan tsani, ya kuma ɗauke maka ciwon bayan nan da ka yi wa Mama ƙorafinsa. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya. Mama ta rabu da tarin da ya dame ta, har ta koma cikin mata masu saƙar tabarma. Baba yana nan da aikinsa na kula da coci, shi ne dai mai buga gangar kira kowace safiyar Lahadi. Aladiyarmu ta haihu, 'ya'yan suka shiga gonar doyar maƙwabta har aka yi 'yar magana, amma an shirya. An yi ruwa sosai, tankinmu ya cika.

Rigar sanyin da ka aiko mini ta iso tun tuni, ka yafe mini da ban rubuto godiya da wuri ba. Ja ce kamar yadda na roƙa, hannun ya ɗan yi mini tsawo amma na naɗe shi. Na sa ta a ɗaki na tsaya gaban madubi har gumi ya jiƙa ni, don in ga yadda zan kasance a titin Auckland ta New Zealand. Ka tuna dalilin da ya sa ka saya: bara Gwaggo Kalolaine ta gaya wa Baba cewa idan shekarar nan ta ƙare za ta ɗauke ni in je gidanta in ƙarasa sakandare a can, tunda ni ce nake zuwa ta ɗaya a aji. A kan wannan magana nake rubuto maka. Kai ɗan'uwan Mama ne, ba a jin nauyinka kamar yadda ake jin nauyin dangin Baba, tun ina ƙarama nake shiga ɗakinka in ɗauki abin da na ga dama kana dariya. To yau kunnenka nake so in ɗauka. Amma don Allah kada ka karanta wa mutanen ɗakinku, idan ka gama ka yaga ta.

Na san kun kalli shirin nan na talabijin, Kamar Kakanninmu, domin Mama ta ce har taruwa kuke yi a kan waya guda. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka fara. Da mutanen talabijin suka zo daga New Zealand suka ce suna neman matasa da za su zauna a wani ɗan tsibiri da ba kowa, su yi rayuwa irin ta zamanin da aka fara kafa coci a ƙasarmu, daga Ha'apai wa da ƙanwa suke so. Ni na rubuta takardar neman, da sunana da na Yaya Manase. Babu wanda ya kai ni sanin tarihin wannan zamani a makarantarmu, malaminmu ma ya faɗa. Ranar gwaji ƙanwata Lupe rakiya kawai ta yi mana, ko gashinta ba ta gyara ba. Wata Baturiya mai tabarau a saman kai ta zaunar da ni gaban kyamara ta ce in faɗi abin da yarinyar wancan zamani take yi daga safe zuwa yamma. Kawu, na san amsar kamar sunana, amma da na ga idon kyamarar nan sai muryata ta maƙale, na kafa ido a kan yatsun ƙafata. Sai Lupe ta leƙo ta taga ta ce wai su yi haƙuri da Yaya Lose, wato ni, kwakwa ce, akwai ruwa mai daɗi a ciki amma sai an nemo adda. Kowa ya yi dariya, matar ta juya kyamara wajen taga. Ta tambaye ta me ta sani game da kakanninmu, Lupe ta ce abin da ta sani shi ne ba su da madubi, shi ya sa kowa yake samun miji. Shi ke nan aka ɗauke ta, ita da Yaya Manase.

Ni na zauna na koya mata komai kafin su tafi: yadda ake ɗaura zanen ɓawon itace, yadda ake hura wuta da itace biyu, waƙoƙin yabo na da. Ina koya mata tana hamma tana kirana Malama. Aka ba su dokoki da aka ciro daga wani tsohon littafin coci, aka kuma kawo wani tsohon fasto mai suna Metuisela ya zama alƙali. Babu takalmi, babu waya, babu sabulu, babu shinkafa ko naman gwangwani. Sujada safe da yamma. Ranar Lahadi kuwa ba a hura wuta, ba a hawa bishiya, ba a taɓa ruwan teku, wanda ya karya a saka shi a kwalekwale a mayar da shi gida kowa yana kallo. An ma yi gardama a nan gari kan ko su masu kyamarar ba aiki suke yi ranar Lahadi ba. Tsohon ya yanke cewa mutum zai iya rungumar kyamara kamar yadda ake rungumar jariri, amma ba zai ce wa kowa ya tsaya nan ko ya sake yin abu ba. Baba bai gamsu ba, sai dai bai bar kallo ba.

Kowace Juma'a da yamma ake taruwa a zauren coci a kalla, maza a gefe kusa da kwanon kava, jiƙon saiwar nan da suke sha, mata a kan tabarmi. Tun makon farko aka yi abin dariya. Mutanen talabijin sun gina wa Yaya Manase da Lupe bukka guda, wai ai iyali ɗaya ne. A littafin dokokinsu ba a rubuta cewa namiji ba ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da 'yar'uwarsa ba, domin wannan ya girmi littafin, babu wanda ya taɓa tunanin sai an rubuta shi. Yaya ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin bishiya, ruwa ya yi ta dukansa har sai da suka gina wa samari tasu bukkar. Tsofaffi suka yi ta cewa ɗan Taniela ya sami tarbiyya, Baba yana jin sunansa yana ta gyara zama.

Amma Lupe ce ta cinye shirin. Duk inda ta juya kyamara tana biye da ita. Idan ta ƙona gwaza sai a yi dariya, idan ta kasa hura wuta ta ce wa itacen ya ji tsoron Allah sai a yi tafi. Da zarar ta fito matan da ke kusa da ni sai su zungure ni su ce ga ƙanwarki, kamar ban san ta ba. Ni kuwa ina zaune ina ganin kurakurai. Zanenta a karkace yake, ba haka na koya mata ba. Gashinta yana sheƙi irin wanda man kwakwa kaɗai ba ya kawowa. Wata rana suka rera wata waƙar yabo da na san ba a rubuta ta ba sai bayan wancan zamani da daɗewa, ban san lokacin da na faɗa a fili ba. Tsohuwa Seini ta juyo ta ce, Malama, nan ba aji ba ne, idan kin fi su sani me ya hana ki buɗe baki ranar da aka tambaye ki? Aka kwashe da dariya. Daga ranar ban ƙara cewa uffan ba, amma ban daina gani ba.

Sai aka zo kan Lahadin nan da kowa yake magana a kai. Ka gani da idonka. Sun yi makonni suna cin rogo da gwaza, iska ta hana su fita kamun kifi, duk sun rame. Suna fitowa daga sujada sai ga garken kifin atule ya shigo cikin ruwa mara zurfi, yana tsalle har bakin yashi, irin abin da ake gani sau ɗaya a shekara. Samari uku suka kasa daurewa suka faɗa ruwa da zanensu. Ka san zanen ɓawo ba ya shiri da ruwa, nan take ya saɓule ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba su da bakin musu. Sai kyamara ta juya, ga Lupe zaune ita kaɗai a kan hanya, ta ba teku baya, littafin waƙa a cinyarta, gashi ya sauko ya rufe mata gefen fuska, kifi yana ta walƙiya a bayanta. Aka sa kiɗa mai sanyi, mai gabatarwa ya ce ga yarinyar da ta zaɓi yunwa a kan saɓa wa Ubangiji. Na ga Baba yana share ido. Mama kuwa ta tashi ta fita waje, wai hayaƙin maganin sauro ya shige mata ido.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Aka kori samarin nan uku, Lupe ta zama abar misali. Fastonmu ya yi wa'azi da sunanta. A makaranta shugabar ta sa aka manna hoton nan a allon sanarwa, daidai wurin da ake manna sakamakon jarrabawa, har ya rufe rabin sunana. Iyaye suna ce wa 'ya'yansu su yi koyi da Lupe. Lupe fa, Kawu, wadda nake mintsini a coci don kada ta yi minshari, wadda ta taɓa ɓoye mangwaro a cikin jakar Littafi Mai Tsarki. Ni da ban taɓa fashin makarantar Lahadi ba, ni da na haddace Zabura fiye da kowa a ajinmu, babu wanda ya taɓa yin wa'azi da sunana. Na san ba don a gani ake yi ba, na sha gaya wa kaina haka, amma zuciyata ba ta ji.

Da aka gama shirin suka dawo, aka tarye su a bakin jirgin ruwa da furanni. Bayan kwana kaɗan muna bayan gida ni da ita muna kankare kwakwa, sai ta fara dariya ita kaɗai har tana riƙe ciki. Na ce mene ne. Ta sa na rantse, sannan ta ce wai ita ranar nan da gudu ta nufi ruwa, har ta fara tattare zane, domin yunwa ta kusa kashe ta. Tana zagayo baƙin dutsen da ke bakin mashigar ruwan sai ta hango Yaya Manase. Shi ya fi sauran wayo, ya tuɓe zanensa ya rataye a reshe don kada ya jiƙe, ya shiga ta bayan dutse inda kyamara ba ta gani, yana tare kifi da ganyen kwakwa, ba komai a jikinsa sai 'yan ganye. Ta ce ba ta ma yi tunani ba, jikinta ne ya juya da kansa ya zauna, ta sauko da gashi ta rufe ɓangaren da yake. Littafin kuwa dama yana hannunta tun daga sujada, a kife ma ta riƙe shi. Ba ta iya tashi ba sai da ta tabbata ya fito ya ɗaura zanensa busasshe. Tana nan zaune mai kyamara ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta ce, Yaya Lose, wallahi ba tunanin Allah nake yi ba a lokacin, addu'ata ɗaya kada mutumin nan ya leƙa bayan dutse. Wai washegari Yaya ya aiko mata da kifi huɗu a cikin ganye ta hannun wata yarinya, ta ci har ƙashi, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Na ce to me ya sa ba za ta faɗi gaskiya a daina kiranta waliyyiya ba. Ta daina dariya ta dube ni kamar ni ce ƙanwar. Ta ce ashe na manta Yaya ya nemi shiga makarantar koyon aikin fasto, kuma Baba ne mai buga gangar Lahadi? Idan aka ji ɗan mai kula da coci ya kama kifi ranar Ubangiji, tsirara, ya kuma bari aka kori wasu shi ya tsira, wa zai ɗauke shi, kuma da wane ido Baba zai tsaya gaban jama'a? Ta ce ita ma abin ya ishe ta, yanzu ko gyangyaɗi ba ta da damar yi a coci, kowa ita yake kallo.

A makon nan ne Gwaggo Kalolaine ta bugo waya. Ina jin muryarta daga inda nake wanke-wanke, domin Baba yana miƙewa tsaye ne idan yana magana da yayarsa, ya kuma riƙe wayar nesa da kunne. Ta ce duk cocinsu a Auckland maganar 'yar ƙaninta ake yi, tana tafe da kanta, kuma maganar wadda za ta ɗauka a bari sai ta zo. Wadda za ta ɗauka, Kawu. Bara sunana ta kira. Ka san maganar Gwaggo a gidanmu, ita ta raɗa mana suna dukanmu, idan ta ce ga yadda za a yi ko Baba ba ya ɗaga kai. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na dubi jar rigar nan, na mayar na rufe.

Ba zan ɓoye maka ba, tun daga ranar maganar kifin nan take yi mini yawo a baki. Ina tafiya makaranta ina shirya yadda zan faɗa. Na ce ai gaskiya ce, kuma an koya mana kada mu yi shaidar zur. Na ce ai samarin nan uku an zalunce su. Duk hujjojin da na kawo masu kyau ne, amma na san ba don samarin nake yi ba, ko sunayensu ban riƙe ba. Idan na tuna Yaya Manase, wanda yake tsayawa daga nesa ya ajiye mini mangwaro a kan katanga ya wuce ba tare da ya dube ni ba, sai in ji kunya ta kama ni. Idan kuma na wuce allon sanarwa sai kunyar ta tafi.

Gwaggo ta iso ranar Alhamis. Aka gasa alade da doya a rami, aka shimfiɗa ganyen ayaba, aka zaunar da ita a sama kan tabarma mai kyau, aka sa Lupe kusa da ita tana yi mata fifita. Ni aka bar wa kai da kawowa. Cikin abincin da maƙwabta suka kawo akwai gasasshen atule. Na ɗauki farantin, maimakon in kai gaban Gwaggo kamar yadda ya kamata, sai na dire shi gaban Lupe. Na ce, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ga mutuminki, ko kin manta ɗanɗanonsa tun na tsibiri? Mutane suka yi dariya, sun ɗauka tsokana ce irin ta 'yan'uwa, wani ma ya ce ai yanzu ta ci ta rama. Amma na ga maficin ya tsaya a hannun Lupe. Na ga Yaya Manase can cikin maza ya ajiye abin da ke hannunsa. Gwaggo ba ta yi dariya ba, ta dube ni kawai, ta ce a miƙo mata gishiri.

Washegari da hantsi ta aika aka kira ni in shafa mata man kwakwa a ƙafa, wai jirgi ya kumbura mata su. Muna mu biyu a baranda. Na durƙusa ina shafawa, sai ta ce in faɗi abin da na so faɗa jiya, ga ta ga ni. Kawu, irin abin da ya same ni gaban kyamara shi ya sake samuna, sai dai wannan karon ban sani ba ko tsoro ne ya rufe mini baki ko Yaya Manase. Na ce babu komai. Ta ce to bari ita ta faɗa mini. Ta ce tun a Auckland, tana zaune cikin matan cocinsu suna kuka suna yabo, ta san abin da ta gani. Wadda take ƙin kifi don Lahadi ba ta da dalilin rufe gefen fuska da gashi. Wannan zama, baya ga ruwa, kai a karkace, ido a ƙasa, zaman yarinyar da ɗan'uwanta yake cikin ruwa ne. Ta ce haka ta zauna wa ubana a bakin tekun nan sau ba adadi, wata rana har tururuwa ta cije ta ba ta motsa ba. Ta ce uwarki ma ta gane, ba ki lura ba? Sai na tuna hayaƙin maganin sauro.

Na ce to idan ta san ba don Lahadi ba ne, ai Lupe ba ta cancanci yabon ba. Ta ce yabon talabijin na masu talabijin ne, ita bai dame ta ba. Dokar da suka rubuta a takarda Lupe ta kusa karya ta, amma wadda ba su rubuta ba ta riƙe ta da yunwa a cikinta, ta kuma dawo gida ta riƙe bakinta. Maganar Manase kuwa tsakaninsa da Allah ne, kuma za ta sa Mama ta ja masa kunne, domin ita ba za ta iya kai wa ƙaninta irin wannan magana ba. Sannan ta faɗi abin da har yanzu yake hana ni cin abinci. Ta ce da ta sauko daga jirgi ba ta yanke shawara ba, har ma zuciyarta ta fi karkata gare ni saboda alkawarin bara. Farantin kifin nan ne ya yanke mata. Ta ce a gidanta akwai samari uku, su ma 'yan'uwanmu ne, kuma samari ba sa rasa abin kunya. Tana son yarinyar da idan ta ga abu za ta san lokacin juya baya. Ta ce ni in ƙarasa a nan, kaina yana da kyau, daga baya a gani. Ka san a gani ɗin Gwaggo, yana iya zama baɗi, yana iya zama har abada. Ta miƙo mini ɗaya ƙafar, na ci gaba da shafawa.

Da aka gaya wa Lupe sai ta fashe da kuka. Wai ita ba ta so, Turancinta ba ya tafiya, tana tsoron sanyi, wa zai yi mata lissafi. Ta zo ta rungume ni tana cewa in je in roƙi Gwaggo a mayar da ni. Ko maganar farantin ba ta tayar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da na kwana ina roƙo shekara guda an ba ta tana kuka, kamar yadda aka ba ta shirin tana leƙen taga. A da ina da abin da nake riƙewa, ina cewa ai ƙarya ce aka yaba. Yanzu shi ma an karɓe. Na yi addu'a Allah ya cire mini wannan abu daga zuciya, na kuma san zai cire, amma har zuwa yau da nake rubuta maka bai cire ba. Idan na ga ana auna mata kayan makarantar can sai in fita in je in ba aladu abinci ko da sun ci.

Jiya Mama ta same ni ta ce, a hankali, tunda Lupe ba ta da rigar sanyi kuma tawa tana kwance a akwati. Ba ta ƙarasa ba. Na ce Kawu ni ya saya wa. Ta ce ta sani. Na san Lupe ma 'yar 'yar'uwarka ce, tana da iko da kayanka kamar yadda nake da shi, kuma na san yadda take rawar ɗari ko iskar Yuli ta nan ce ta kaɗa. Saboda haka na ɗauko rigar na zauna da allura, na ɗinka sunana cikakke, Losaline, a cikin wuyan rigar, da zaren kamun kifi na Baba, mai kauri, wanda ba ya tsinkewa kuma yana ɗan sosa fata. Na kai mata na ce aro ne. Ta sa, hannun ya yi mata daidai ba sai an naɗe ba, ta yi kyau a ciki, ba zan yi ƙarya ba. Ta taɓa bayan wuyanta ta ce wani abu yana cizonta. Na ce za ta saba.

Abin da nake roƙonka guda ɗaya ne. Idan ta rubuto maka godiya, kada ka ce mata ka ba ta. Ka ce rigar Losaline ce, ta kula da ita, mai ita tana nan tafe.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man da ta aiko maka a baya kafin ka kwanta. Baba yana gaishe ka, haka ma Yaya Manase, an kira shi ganawa a makarantar fastoci wata mai zuwa, ka sa shi a addu'a. Tsohuwa Seini ta ce in tambaye ka ko lemon Ostireliya ne ya hana ka aure. Ka gaishe mini da Kawu Semisi da matarsa Meliame idan kun haɗu a coci, da duk mutanen Ha'apai da ke tare da kai. Lupe ba ta san ina rubuta wannan ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ka, saboda haka na gaishe ka a madadinta. Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce 'yarka,
Losaline Taniela